Itacen Wankan Karimatu

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. 'Yata Karimatu ta sauka lafiya, an sami namiji. Yau ni Ɗanasabe na Gidan Marke na ga jikana na fari da idona.

Ga rubutun nan duk ya karkace don murna. Littafin ma ba don wannan aka ba ni shi ba. Mutanen aikin fadama ne suka ba ni, in riƙa rubuta abin da aka faɗa a taron kwamiti, tun da ni suka naɗa magatakarda. Har yau ba a yi taro ko ɗaya ba. To, bari shafin farko ya fara da alheri.

Matata Larai ta fito da shi cikin zane tana dariya, ta ce, "Malam, ga sabon mijina. Kai kuma tsoho sai ka nemi inda za ka raɓa."

Na ce, "Wannan da ko hula ba shi da ita? Da me zai ciyar da ke?"

Ta ce, "Ko ba komai shi ba ya munshari."

Na karɓe shi. Nauyinsa bai fi kwanon gero ba. Ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Na sa masa Ango kafin a raɗa masa na gaskiya.

Uba ke yi wa ɗa huɗuba. Ubansa Abdurra'uf yana Tudun Kanya, tsallaken fadama, inda in zakara ya yi cara muna ji daga nan. Na jira har rana ta ɗaga, sannan na yi masa kiran salla a kunne da kaina. An buga musu waya.

Alhamis, 16 ga Oktoba, la'asar

Babu mace ko ɗaya daga Tudun Kanya da ta zo barka. Larai ta ce ƙila cirar gyaɗa ce ta riƙe su. Na ce haka ne.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Malama Khaula ta zo da farar motarsu. 'Yar Kano ce, ita ke tafiyar da aikin a madadin wata ƙungiya ta ƙasar Turai. Ta sake karanta mini abin da suka kawo: rijiyar burtsatse a tsakiyar fadama, da sola da famfo don noman rani, da injin matsar man gyaɗa. Sharaɗi ɗaya ne. Sai Gidan Marke da Tudun Kanya sun sa hannu tare, mutum biyar-biyar, kafin watan Nuwamba ya ƙare.

Tun abin da ya faru a watan Maris babu wanda ya sa fartanya a fadamar nan. Samarinmu sun watse, wasu Kano, wasu gaba da Kano.

Ban bar ta ta gama ba, na ce ta shiga ta ga jikana. Ta fito tana cewa tubarkalla, hancinsa kamar an zana. Na ce a wajena ya gado. Larai ta ce daga ɗaki, "Kada ki yarda, Malama, nasa hancin kamar an taka tumatir."

Talata, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

An raɗa suna a can, a masallacinsu. Ba a gayyace mu ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da hantsi mai babur ya kawo rago da goro da 'yar takarda a ninke.

Na gane hannun tun kafin in karanta. Na Malam Dalhatu ne, mahaifin Abdurra'uf. Yaya ba zan gane shi ba? Shi ya koya mini riƙe biro ina da shekara hamsin da biyu, a ajin yamma na manya a Toranke. Shi ya kama hannuna ya zana mini harafin farko na sunana. A ajin nan muka saba, har ya nema wa ɗansa auren Karimatu.

Kalma ɗaya ce a takardar. Sun mayar da sunan marigayin, ƙanin Abdurra'uf, wanda aka ɗauko gawarsa daga fadama ranar rikicin nan na watan Maris.

Na karanta wa mata. Mai guɗa ta haɗiye guɗarta. Larai ta ce, "Allah ya raya shi," ta shige ɗaki. Karimatu ta rungume ɗanta, ta kira sunan a hankali sau biyu, kamar ta daɗe da sani.

Ba zan rubuta shi ba. Ango ya ishe ni.

Babban ɗana bai kira ba. A da kunyar ɗan fari ke hana ni kama sunansa. Tun watan Maris yana Kudu.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da sassafe

Itacen wankan jego a kan miji yake. Ban sa rai ba, har na fara faskara namu. Yau da muka fito daga masallaci aka ce in je gindin marken bakin gari. Dami huɗu na busasshen itace a jingine, ga sawun amalanke ya juya ya koma ta fadama. Ba kowa a wurin. Ɗaurin Tudun Kanya ne, su ke ɗaure dami da kaba biyu.

Na kwaso da kaina, ban bar kowa ya taya ni ba. Larai ta ce da ta kwance damin farko Karimatu ta nemi kabar, ta sa a ƙarƙashin matashinta.

Ranar 23 ga Nuwamba za ta yi arba'in. A al'adarmu ta nan, sai matan gidan miji sun zo sun ce a ba su ɗiyarsu, sannan mu raka ta da gara. In sun zo, auren yana nan. In ba su zo ba, kowa ya san ma'anarsa.

Allah ya yafe mini. Ɗazu ina riƙe da Ango, na ji wani ɓangare na zuciyata yana cewa to kada su zo mana, ya girma a gabana.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

Ango ya yi mini fitsari a babbar rigata ta Juma'a. Na ce kada a wanke tukuna.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan magariba

An yi taron farko yau a Gaya, a wani babban ɗaki mai fanka. An jera kujeru a kewaye. Da Malama Khaula da wata Baturiya mai fara'a, wadda ban iya rubuta sunanta ba. Malam Dalhatu bai zo ba, ya turo ɗansa a madadinsa.

Baturiyar ta ce, ta bakin Malama Khaula, za a haɗa mu biyu-biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Kowa ya zauna gaba da gaba da abokinsa, ya dube shi cikin ido, ya faɗa masa abin da ya fi yi masa ciwo. Ta ce a ƙasashe da yawa an yi haka an ga amfaninsa. Aka karanto daga takarda: Ɗanasabe da Abdurra'uf.

Surukina. In dube shi cikin ido, shi ma ya dube ni.

Yaron ya tuɓe takalmi, ya zo nesa da kujerata ya durƙusa a ƙasa, kansa a sunkuye.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

"Lafiya ƙalau."

Shi ke nan. Baturiyar ta nuna masa kujera, ya ƙi hawa. Ta sake nunawa, ya ƙara sunkuyar da kai. Ni kuma na ƙura wa fankar ido kamar ni na ƙera ta. Na ga ta rubuta wani abu a littafinta, fuskarta ta sauya. A ganinta gaba ce ta hana shi zama kusa da ni.

Wani daga cikin namu ya kasa riƙe dariya. Nan take wani dattijo daga Tudun Kanya ya miƙe ya ce, "Dariya ma kuke yi? Ku fara dawo da wanda ya gudu Kudu, sannan a yi maganar famfo."

Duk ɗakin aka juyo aka dube ni.

Ban san yadda aka tashi ba. A waje na ga Abdurra'uf yana ƙoƙarin tayar da babur. Na wuce ta gefensa, na ce kamar da iska nake magana, "Itace ya iso. Yaro yana shan nono sosai." Bai ɗago ba. Na ga kafaɗunsa suna rawa.

Abin da zan rubuta wa kwamiti: Taro na farko. Ba a cimma komai ba. An ci shinkafa.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da sassafe

Dami huɗu a gindin marke.

Litinin, 3 ga Nuwamba, azahar

Malama Khaula ta zo ita kaɗai. Ta ƙi hawa tabarma, ta tsuguna a bakin zaure.

Ta ce, "Baba, wallahi ban san surukinka ba ne. Sunaye kawai muka gani a takarda. Da na ga ya cire takalmi na gane, amma an riga an fara. Na yi wa shugabarmu bayani, har ta yi hawaye."

Na ce babu komai, ai alheri suka nufa.

Ta ce, "Abin da ya ɗaure mana kai Malam Dalhatu ne. In bai sa hannu ba, babu mai sawa a can. Sau uku muna zuwa. Ya ba mu ruwa, ya yi mana addu'a, ya ce akwai abin da ake yi kafin a zo ga sa hannu. Mun ce diyya? Ya ce a'a. Kotu? Ya ce a'a. Mun ce a ƙara musu kaso a ruwan? Ya yi murmushi kawai. Baba, kai ka san shi. Me yake nufi?"

Na ce ban sani ba.

Litinin ɗin dai, la'asar

Na sani.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Bari in rubuta, tun da takarda ba ta da idon da za ta dube ni.

Ban je ta'aziyya ba.

Ranar da aka binne ɗan Malam Dalhatu 'yan sanda sun tare hanya, ba mai ƙetarawa. Kwana uku haka. Ranar bakwai, hanya a buɗe, na sa riga na kai gindin marke na dawo. Na ce in na je me zan ce, da wane baki, ni uban wanda ake cewa shi ya kashe shi. Na ce sai ranar arba'in, zukata sun ɗan yi sanyi. Ranar arba'in na ce ai yanzu kuma na makara, zuwan zai zama kamar tsokana. Ko da aka kawo Karimatu goyon ciki, a gindin marke matansu suka sauke ta, matanmu suka karɓa. Ban fita ba.

Wata takwas ke nan.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan azahar

Na yage shafi uku daga bayan littafin nan ina rubuta wa Malam Dalhatu wasiƙa. Ta farko ta yi tsawo. Ta biyu duk kare kai ce. Ta uku na tsaya a wajen sunan.

Larai ta same ni a zaure. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta iya karanta ni.

Ta ce, "Wa kake rubuta wa?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Shi ya koya maka rubutun, kuma da shi za ka ɓuya masa? Malam, ka taɓa ganin an yi gaisuwar mutuwa da takarda, mutum yana da ƙafa, gari yana ganin gari?"

Na ce ta bar ni. Ta kwashe takardun ta hura wutar ruwan wanka da su.

Talata, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Babban ɗana ya kira uwarsa daga wata lamba da ba mu sani ba. Ya tambaya ko ƙanwarsa ta haihu. Ta ce namiji. Ya ce wane suna aka sa. Ta faɗa masa. Ta ce ta daɗe tana jin numfashinsa, sannan wayar ta katse.

Ban karɓi wayar ba. Ina tsaye a gefenta.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da sassafe

Babu itace a gindin marke. Makon jiya ma dami biyu ne.

Asabar, 15 ga Nuwamba, la'asar

An ce dattawan can sun yi wa Abdurra'uf faɗa, sun karɓe amalanken. Na faskara namu, na ɗaure da kaba biyu na shigar gida. Karimatu ta duba ɗaurin sau ɗaya ta kau da kai. Ban iya irin nasu ba.

Saura kwana takwas. Larai ta sa an surfa shinkafar gara, ta matse man gyaɗa. Ba ta tambaye ni ba, ban hana ta ba.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Ina zaune a ƙofar ɗakinta da Ango a cinyata, ina gaya masa in ya girma ni da shi za mu raba Larai a gaban alƙali. Ya buɗe baki kamar mai dariya. Sai Karimatu ta yi magana daga ciki, ta bayan labule. Tun da ta zo gida ba ta taɓa ta da zancen can ba.

"Baba."

"Na'am, uwata."

"Lokacin zaman makoki ni nake kai ruwa zaure. Ba wanda ya faɗa mini baƙar magana, Malam ya hana. Amma duk wanda ya yi sallama sai Malam ya ɗaga kai da sauri, in ya ga ko wane ne sai ya mayar. Har bayan an tashi makoki bai bar a naɗe tabarma ɗaya ba. Ranar da za a kawo ni ma tana nan a shimfiɗe."

Na dubi yaron a cinyata.

Ta ce, "Ni dai ina son ɗakina, Baba."

Na miƙa mata yaron ta ƙasan labule na fita.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je.

Da ƙafa, ta tsakiyar fadama, da rana tsaka don kowa ya gani. Ciyawa ta kai ƙugu inda muke shuka albasa. Da na zo daidai tsohuwar rijiya, inda abin ya faru, na dubi ƙafafuna har na wuce.

A Tudun Kanya masu shiƙar gyaɗa suka tsaya cak. Babu wanda ya gaishe ni, babu wanda ya tare ni. Malam yana zaurensa yana duba allunan ɗalibai. Ya rame. Na yi sallama, ya ɗaga kai. Akwai tabarma a gefen dama, ta yi datti, ba kowa a kanta. Na tuɓe takalmi na zauna a kai.

Na ce, "Malam, gaisuwa na zo. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa," na kama sunan da bakina, "Allah ya sa ya huta."

Ya ajiye allon da ke hannunsa. Ina jin kaji a tsakar gida.

Ya ce, "Amin. Na gode." Sannan ya ce, "Wata takwas, Ɗanasabe. Ko a aji kullum kai ne na ƙarshen shigowa, amma ba ka taɓa makara irin wannan ba."

Na ce, "Malam, yaron nan nawa..."

Ya ɗaga hannu. "Ɗanka Barau yana hannun Allah, kamar yadda nawa yake. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban yafe masa ba tukuna. Ina roƙon Allah ya ba ni iko. Amma kai ba ka je fadama ranar nan ba. Abokina nake jira, ba uban kowa ba."

Muka yi addu'a. Aka kawo ruwa, na sha. Da zan tashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da wa ya yi kama?"

Na ce, "Da mai sunan. Har hancin."

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Na fito.

Bai yi maganar arba'in ba. Ni ma ban yi ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan magariba

Arba'in. Karimatu ta yi kitso ta yi lalle. Larai ta soya dubulan. Na wuni a zaure, duk ƙarar da na ji sai in ɗaga kai.

Ba su zo ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, la'asar

Ba su zo ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da hantsi adaidaita sahu ya wuce gindin marke bai tsaya ba, ya shigo har ƙofar gida. Iya Bilki ce, matar Malam, uwar marigayin, da mata biyu. An ce kwana biyun nan ita ake jira. Malam ya ce ba zai tilasta mata ba, ba kuma zai aiko wata ba ita ba.

Ta wuce ni a zaure. Ta wuce Larai ma. Ina ji daga zaure ta ce, "Ina yake?" Aka miƙa mata. Ta kira sunan da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaron da ya yi nisa da gida. Daga nan sai kuka, nata da na Larai, ban iya bambance su ba.

Can ta ce, "Larai, mun zo ɗaukar ɗiyarmu."

Larai ta ce, "Ga ta nan. Amma mijina aro na ba ku."

Aka loda gara. Karimatu ta durƙusa ta yi mini sallama. Na ce ta yi haƙuri, ta yi biyayya, na manta sauran. Aka ba ni Ango na ƙarshe. Yana barci. Na sa masa ɗan yatsana bai kama ba.

Abin da na roƙa ke nan. Alhamdu lillahi. Gidan ya yi faɗi da yawa.

Litinin, 1 ga Disamba, da hantsi

Malama Khaula ta zo. Malam Dalhatu ya sa hannu ranar Alhamis, mutum biyu suka bi shi. Biyu sun ƙi, har da dattijon nan da ya yi magana a Gaya. Wa'adi ya cika jiya. Za a kai famfon da injin wani gari. Ta ce za ta sake rubuta sunanmu baɗi, amma ba ta yi alkawari ba. Idonta ya yi ja. Na ce Allah ya saka musu, sun zo da ruwa tun daga ƙasarsu, mu ne ba mu gama da namu ba.

Ta nemi littafin kwamiti don ofis. Na ce wannan ya ɓaci, zan sayo musu sabo ranar kasuwar Ajingi.

Fadama za ta sake kwana bana. Daga Kudu babu labari.

Saura dami ɗaya na itacen can a bayan ɗaki, mai kaba biyu. Larai ta ƙi ƙona shi. Ɗazu na shiga ɗakin da suka zauna, har yanzu yana ƙanshin ganyen wanka. Ta leƙo ta ce, "Tsoho, mijina ne ya tafi ko naka, ka zo ka zauna a nan?" Ta ce Juma'a za ta je ganin mijinta, in ina so in riƙe mata jaka.

Zan riƙe.

Malam ya ce a aji, abin da mutum ya iya faɗa ya iya rubutawa.

Anas.

Anas ɗan Abdurra'uf, jikan Dalhatu, jikan Ɗanasabe. Yau kwanansa arba'in da takwas.